Kulle Iska a Gidajen Ƙonni

Ƙarar jan benci ce ta fara komai. Ina tankaɗe a tsakar gida bayan la'asar, sai na ji ƙiiit a bayan katangarmu, irin kukan da ƙafar benci ke yi idan an ja shi a kan tsakuwa. Wurin nan ba inuwa, ba mai shayi, ba abin da zai tara mutane. Washegari na sake ji. Da abin ya zama kullum, sai na lura da wani abu: ɗan akwatin nan mai ƙaho biyu da ke kan tagar maigida, wanda fitilarsa ke kwanciya idan ya tafi buro wurin aiki, da an ja bencin sai ya kama ƙifta ido kamar mai zazzaɓi.

Ku yaran yanzu da ke cewa sa wa wifi kod, wato kalmar sirri, ba sana'a ba ce, danna-danna ne kawai, ku saurara. A lokacin da nake ba ku labari, gidajen da ke da intanet a Ƙonni ba su taka kara sun karya ba. Mu ma don maigida yana aikin fitar da kaya a duwan ne, wato kwastan, takardunsa na zuwa daga Kwatano da Yamai. Ƙanensa Lawali, wanda ya koyo gyaran ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai, shi ya kafa mana akwatin. Da ya zo cin tuwo na tare shi.

Na ce, "Lawali, akwatinka shina hira da mutanen waje."

Ya ce, "Matarmu, koma ga tukunyarki. Miya ta hi ƙarhinki, kin koma ga injiniyanci?"

"Ci ka ƙoshi, miji maras cefane. In anka ja benci sai shi farka, in anka kira magariba sunka tashi sai shi yi kwana. Kai ka gaya mini mi ke nan."

Ya ajiye loma. Ya wanke hannu, ya ɗauki ordinatar ɗinsa ta hannu, ya ce in biyo shi zaure. Can ya buɗe ta, ba waya ko ɗaya a jikinta, ga ɗaki biyu da katanga tsakaninmu da akwatin, sai ga shafi ya sauko da rubutunsa da hotunansa. Na zagaya ordinatar ɗin ina neman igiya. Na miƙa hannu tsakaninta da bango ko zan ji wani abu ya taɓa ni. Ba komai, iska ce kawai. Na yi karatu har aji huɗu na kwalej, an gaya mana yadda rediyo ke kama magana, amma ji daban, gani daban. A ce rubutu yana ratsa bangon laka, yana wucewa ta gefen kunnena da ta cikin hayaƙin murhuna, ni ban sani ba! Subhanallahi kawai nake maimaitawa. Lawali ya ce samarin bencin ma haka suke kamawa, don ya bar akwatin a buɗe da niyyar dawowa, aiki ya riƙe shi a Malbaza. A gabana ya rufe shi. Bayan kwana kaɗan benci ya koma inda ya fito.

Abin da ya mayar da ni ma'aikaciya kuwa, rubutun nan ne da ke bisa ƙofar manyan gidaje: ba shiga. Alhazai da ma'aikata sun fara jan layi, kuma akwatin can ciki ake ajiye shi, wurin da ba a yarda namiji baƙo ya taka ba. In maigidan ya yi tafiya abu ya lalace, sai Lawali ya tsaya a zaure yana ɗaga murya: "Hajiya, hitila ta biyu, kore ce ko ja?" Daga ciki a amsa: "Duk suna da kyau!" Ya gaji, ya je ya roƙi yayansa ya bar ni in riƙa shiga masa gidajen. Maigida ya ce in na gama girki, kuma magariba ta same ni a gida, bai hana ba.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Shafukan cikin akwatin da Ingilishi suke, ni kuwa Faransanci na karanta. Lawali ba ya bayani sau biyu. Yakan sa in tsara akwati tun daga farko, in na gama ina murna, sai ya karɓi allurar ɗankwalina ya soka a wani ɗan rami da ke bayan akwatin, komai ya goge, ya ce, "Sake, Madam." Da haka na gane cewa akwati ƙofa biyu gare shi. Akwai wadda baƙo ke shiga ya sha intanet, akwai kuma ta ɗakin akwatin kansa, inda ake ba shi umarni. Wannan ta biyu daga kamfani take zuwa da makulli iri ɗaya a duk duniya, kowane ɗan gyara ya san shi. Wanda ya kulle ta farko ya manta ta biyu, ya rufe ƙofar gida ne ya bar makullin a jikin kwado. Na gane kuma kullen kansa iri-iri ne: akwai tsoho da mai wayo ke ɓallewa kafin shayi ya nuna, akwai sabo mai ƙarfi, sai dai wasu tsofaffin ordinatoci ba su san shi ba, sai an yi ta lallashi.

Kayan aikina duka a jakar hannu ɗaya suke, ƙarƙashin hijabi: tsohuwar ordinatar da Lawali ya bar mini, shuɗin kabul, abin jona wuta mai baki da yawa, da allurar nan. Kada ku soka tsinken tsintsiya a ramin. Na ga akwatin da tsinke ya karye a cikinsa, har yau ina jin takaicin mai shi. Babban kayan aiki kuwa ƙafa ce. In na gama kullewa sai in ɗauki ordinatar a buɗe in zaga gida, daga madafa zuwa garken awaki zuwa gindin katanga, ina duba inda rezo, wato iskar intanet ɗin, ya kai. Mata na bina a baya suna dariya, wai ina neman aljanu. Ni kuwa iyakar wani abu nake aunawa da ido bai taɓa gani ba. Shi ya sa nake sauke akwati daga taga in kai shi tsakiyar gida, ya ƙoshi na ciki, ya isa titi a gajiye.

Wani aiki a Illela, gidan mai motocin albasa, na tarar kod ɗinsu lambar wayar maigidan ce, ga ta nan an rubuta da fenti a ƙofar kowace motarsa. A Malbaza, matar wani ma'aikacin siminti ta sa sunan autanta, wanda duk unguwa ke jin ana kwaɗa masa kira safe da yamma. Wata dattijuwa kuma ta ce in sa mata aya don tsari. Na ce, Inna, aya ta fi ƙarfin a riƙa buga ta da hannun da ba alwala, kuma ita ce farkon abin da mai nema zai gwada a gidan Musulmi. Ki karanta ayarki, ni kuma in sa kwado. Abin da nake yi, sai in zauna da matar gida in ce ta tuno abubuwan da ba su haɗa hanya ba: sunan akuyar kakarta, abincin da ta tsana, wata lamba da ita kaɗai ta san dalilinta. Mu ɗinke su wuri ɗaya ya yi tsawo, ta yi ta maimaitawa har ya zauna mata kamar waƙar daka.

Sai muguwar shekara ta zo. Daminar ta yi tsawa ƙwarai, aradu na bin waya tana ƙone akwatuna, wuta kuma ta je ta dawo da ƙarfi ta ƙarasa sauran. Gidan da na taɓa akwatinsu jiya, yau ya mutu, sai a ce hannuna ne. Ana cikin haka wata magana ta fi wannan muni ta tashi: an ga hotunan matan gidan Alhaji Garba a salular samari a tasha. Nan da nan gidaje suka fara zare akwatunansu suna turawa ƙarƙashin gado. Aka daina aiko mini.

Alhaji Garba mai manyan motoci ne, kakanninsa daga wajen Sakkwato suka zo. Mutum ne mai hannu a sake. A ƙofar gidansa akwai randa biyu da moɗa, kowa ya zo wucewa ya sha. Wani ne daga tsallaken iyaka ya kafa masa akwati, kuma Lawali ya taɓa ba shi shawara a rufe. Alhaji ya ce, "Randag ga ta ƙohwar gida, kwado ka gani bisanta? Abin da ba ya ƙarewa in hana ma ɗiyan mutane?" Saboda haka dakalinsa kullum cike yake da ɗalibai da akawunan duwan, kowa da ordinatar a cinya, suna sa masa albarka.

Hotunan na ranar lallen ƙanwarsa ne, mata zalla, ba mayafi, ana rawa ana guɗa. Wadda ta ɗauka da kamara kuma ta zuba su cikin ordinatar gidan ita ce ɗiyarsa Ramatu, ƴar aji biyu a kwalej, don ita kaɗai ta iya a cikin matan. Da direbansa ya kawo masa labari, Alhaji bai yi dogon bincike ba. A ganinsa ba wanda ya shiga, to wani ya fitar. Kuma mai fita kullum da jaka ita ce Ramatu. Ya karɓe jakar lakwal ɗinta, ta littattafan makaranta, ya kulle a ɗakinsa, ya ce karatu ya ƙare.

Hajiya Kulu, uwar yarinyar, ta aiko a ce mini akwatinsu ba lafiya. Da na je na tarar lafiyarsa lau. Ta ja ni ƙuryar ɗaki.

"Mariyama, ba akwati na kira ki ba. Yarinyag ga ba ta ci, ba ta sha. Ta rantse ma ubanta, ta rantse ma gwaggonninta, kowa yaz zo sai shi sa ta rantsuwa. Ni kau kin sani, ta hwari ce, ko sunanta ba ni kamawa, balle in tsaya gaban Alhaji in yi mata lauya. Ki duba mini, don Allah. In ita ce, in sani."

Ramatu na zaune a bakin gado, ta sunkuyar da kai. Na gaishe ta, ban tambaye ta komai ba. Na zauna gaban ordinatar ɗin falo na ce ta nuna mini inda ta zuba hotunan. Ta nuna da yatsa. A ƙarƙashin hoton jakar ajiyar da ta nuna a fuskar ordinatar ɗin akwai wani ɗan zanen hannu a buɗe, kamar na mai miƙa kyauta. Na san hannun nan. Ma'anarsa, duk wanda ke kan rezon gidan yana iya buɗe jakar daga inda yake zaune.

Na tambayi Hajiya ko akwai mai ɗaukar takardu daga ordinatar ɗin ba tare da ya shigo ba. Ta ce akwai mana, akawun Alhaji. Tunda ba ya shiga cikin gida, sai wanda ya kafa akwatin ya yi masa dabara, yana zaune a zaure yana jawo takardun motoci. Kowa ya yaba dabarar a lokacin. Kun ga yadda abin ya haɗu: don kada namiji ɗaya ya taka tsakar gida aka buɗe jakar, don sadaka aka bar rezo a buɗe, yarinya kuma ta zuba hotuna inda ta ga ana zuba komai. Ba mugu ko ɗaya a cikin gidan, amma ga ƙofa ta fi ta zaure faɗi.

Sanin abu daban, sa Alhaji ya yarda daban. Ni ba zan zauna gabansa in yi masa bayani ba. Na aika wa Lawali, ya zo ya same shi a zaure bayan azahar, ina jin su ta bayan labule.

Alhaji ya ce, "Lawali, mata sun haɗa baki sun aiko ka. Katangata ta hi mutum biyu tsawo, ga kwalabe bisa. Hoto hiffike gare shi?"

"Alhaji, kada ka yarda da ni, kada ka yarda da su. Ni zan koma tsallaken titi, gindin iccen bedin can. Kai ka shiga da kanka ka zaɓi abin da za a ɗauka hoto, abin da ba wanda zai iya cinka. Ka rufe zaure, kada ko kaza ta hita."

Alhaji ya ce a kai Ramatu ɗakin kakarta a zaunar da ita. Ya shigo yana gyaran murya, muka ja mayafai. Ya dudduba tsakar gida, ya ɗauki butar alwalarsa ya ɗora bisa turmi, ya cire hularsa ya kifa wa butar, ya tsaya ya ƙara tunani, ya ɗauko ludayi ya soka a hannun butar. Hajiya ta toshe baki da gefen zane. Na ɗauki hoton, na zuba a jakar mai hannu, yana tsaye a kaina yana kallon yatsuna. Sannan ya fita da kansa, ya ja ƙofar zaure ya sa sakata ta waje, kansa ba hula.

Sauran Lawali ne ya ba ni labari, amma salatin da kunnena na ji shi, ya tsallako katangar nan mai kwalabe. Lawali ya ce Alhaji na isowa ya juya masa ordinatar: ga buta, ga hula, ga ludayi. Alhaji ya daɗe yana kallo. Ya waiwaya ya dubi gidansa, ya tako ya dawo ya dafa katangar da tafin hannu, yana shafawa kamar mai neman tsaga. Ya ce, "Ikon Allah. Shekara nawa ina tsaron ƙohwa, ashe gidan duk ƙohwa ne." Ya tambayi wa ya ɗauka. Lawali ya gaya masa gaskiya: mutanen da suka zauna dakalin nan ba su ƙirguwa, ba a iya sani, kuma hoton da ya riga ya shiga salular mutane ba mai dawo da shi. Wannan ita ce iyakar sana'armu, ku riƙe ta. Muna rufe ƙofa, ba mu kamo abin da ya fita.

Da farko cewa ya yi a fasa akwatin. Can kuma ya dubi dakali ya ce, to ɗaliban nan fa, laifin mutum ɗaya ya hau kansu? Lawali ya ce akwai hanya: akwati biyu. Ɗaya a zaure, a buɗe, na sadaka. Ɗaya a ciki, a bayan na farko, a kulle, yadda na waje ba ya ganin na ciki. Alhaji ya ce, "Randa waje, tulu ɗaka. To haka na sani tun ga kakana. Mi ya hana ku hwaɗi haka tun hwarko?"

Washegari na yi aikin cikin. Lawali na zaure yana haɗa nasa, ya turo mini kan kabul ta ƙarƙashin ƙofa, na ja shi ta gindin bango har falon Hajiya. Na canza makullin ɗakin akwatin, na sa sabon kulle mai ƙarfi, na cire sunan Alhaji daga sunan rezon. Na janye ɗan hannun nan daga ƙarƙashin jakar. Akawu kuwa aka ce daga yau a riƙa miƙa masa takardunsa a ɗan kile, filashin nan da ake soka wa ordinatar, kamar yadda ake miƙa masa tuwo. Muka ɗinka kod da Hajiya, ta yi ta maimaitawa tana kuskure, kakar Ramatu na yi mata tsiya. Na zaga gida da ordinatar har garken raguna. Sannan na ce wa Lawali ya gwada daga waje. Ya yi ta nema, can ya ɗaga murya: "Matarmu, kin rufe ni waje kamar ɓarawon kaji!" Na ce, "Matsayinka ke nan."

Ina naɗe kabul Alhaji ya shigo. Uba ba ya ba ɗiyarsa haƙuri da baki, kun sani. Jakar lakwal ɗin na hannunsa, ya rataye ta a ƙusar ƙofar Hajiya kamar wanda ya tsince ta a hanya, ya dubi sama ya ce, "Hajiya, hutu anka ba su ne? Mi yarinyag ga ka yi gida, ƴan uwanta na lakwal?" Hajiya ta ce, "Gobe tana tahiya, in sha Allahu." Ya ce direba ya kai ta, ya juya ya fita.

Ramatu ce ta yi mini rakiya, ta karɓi jakata ta rungume. Tun da na fara zuwa gidan ban ji muryarta ba. Mun kai bakin zaure, inda iyakarta take, ta tsaya ba ta miƙo jakar ba.

Ta ce, "Tanti, kowa rantsuwa yas sa ni. Inna ma ta yarda da ni ne don ni ɗiyarta ce. Ke ko tambayata ba ki yi ba, dubawa kinka yi. In na taso lakwal gobe, ki gwada mini inda aka dubawa."